Kunnen Yerwa: Tarihin Sauraren Rediyo a Birnin Shehu

Birnin Maiduguri, wanda mazaunansa na asali suka fi kira Yerwa, bai girmi rediyo da wasu shekaru masu yawa ba, domin a 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya kafa fadarsa a wannan wuri, kusa da sansanin Turawan Ingila, sannan a 1935 aka fara rarraba shirye-shiryen rediyo ta waya a Legas. Saboda haka tsofaffin unguwannin da ke tsakiyar birnin, irin su Shehuri da Limanti da Hausari da Fezzan da Lamisula, sun shafe kaso mafi tsoka na rayuwarsu da muryar akwati a zaurukansu da rumfunansu. Wanda ya bi tarihin tashoshin da mutanen waɗannan unguwanni suke kamawa, da harshen da suke zaɓa, da kuma waɗanda suke zama tare da su a lokacin saurare, zai tarar da wani hali da ƙidayar jama'a ba ta iya nunawa, wato cewa Yerwa birni ne da bai taɓa damƙa amanarsa ga murya ɗaya ba.

Rediyon farko da Arewa ta sani ba ya kama tasha daga iska. Akwati ne mai lasifika da aka jona da waya zuwa wani ofishi na gwamnati, inda ake karɓar shirye-shirye daga Landan a tura su gidajen masu biyan kuɗin wata, kuma mai akwatin ba shi da ikon canja abin da aka aiko masa. Wannan tsari ya isa Kano a 1944, inda aka kafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a domin wanda ba shi da halin biya shi ma ya ji. A 1951 aka kafa hukumar watsa labarai ta ƙasa, a 1957 aka mayar da ita NBC, kuma Maiduguri na cikin hedikwatocin lardunan da hukumar ta buɗe wa ƙananan gidajen rediyo. Tun daga tushe, ke nan, saurare a Arewa sha'ani ne na taro, kuma ko da ƙaramar rediyo mai aiki da batir ta yaɗu a shekarun 1960, har ɗan tireda da mai shayi suka mallake ta, ba ta raba taron ba, sai dai ta ɗauke shi daga ƙofar hukuma ta kai shi gindin darbejiya.

Muryoyin da suka cika wannan ƙaramar akwati kusan duk da Hausa suka zo. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki ranar 13 ga Maris 1957, Gidan Rediyon Jihar Arewa da ke Kaduna ya biyo baya a 1962, Muryar Jamus ta buɗe nata sashen a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa kuma sai a 2007. Rediyon Kaduna yana da shirye-shirye da Kanuri da Fulatanci, amma ƙashin bayan aikinsa Hausa ne, kuma shirin gaishe-gaishe na Zaɓi Sonka, wanda masu saurare ke aiko wa da katuna ɗauke da sunayen 'yan uwa da abokai, ya sa sunan ɗan kasuwar Yerwa yana fita a jere da na takwaransa na Gusau ko Funtuwa. A cikin waɗannan shekaru ne kuma layin dogo ya iso Maiduguri a 1964, birnin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, aka kafa jami'a a 1975, aka ƙirƙiri Jihar Borno a 1976, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya jawo ma'aikata da fatake da ɗalibai waɗanda babu harshen da ya haɗa su da 'yan gari in ban da Hausa.

A nan ne ake ganin abu mafi ban mamaki game da birnin. Masarautar Borno ta gaji daular Kanem-Borno, wadda ta yi shekaru kusan dubu tana mulki, wadda malamanta suka fassara Alƙur'ani da tsohon harshen Kanembu, wadda kuma ta tsaya da ƙafarta a gaban jihadin Sakkwato a ƙarƙashin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi. Duk da haka hedikwatarta ta wayi gari tana jin labarin duniya da harshen maƙwabtanta na yamma. Ba daidai ba ne a ce rediyo ce ta kawo Hausa Yerwa, domin unguwar Hausari da zangon fatake sun riga akwatin zuwa, amma rediyo ce ta ba Hausa matsayin harshen da ake jin muhimmin abu da shi, kamar juyin mulki da farashin man fetur da ganin watan azumi. Kanuri ya riƙe fada da gida da biki da ta'aziyya, ya riƙe waƙa da kirari, Larabcin Shuwa ya riƙe kasuwar shanu, Hausa kuwa ta karɓi titi da labarai. Gidan rediyo da talabijin na jiha, BRTV, ya daɗe yana karanta labarai da Kanuri da Hausa da Shuwa da Babur-Bura da Marghi da Fulatanci da Ingilishi, kuma wannan jerin harsuna shi kansa taswira ce ta waɗanda gwamnati ta yarda suna da kujera a cikin jihar. Hatta a fagen addini, inda Borno ke da tsohon tinƙaho, tafsirin azumin da marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya riƙa gabatarwa a Masallacin Indimi har zuwa kashe shi a Kano a 2007 da Hausa ake yin sa, kuma kaset-kaset ɗinsa sun fita daga Maiduguri sun zaga Arewa baki ɗaya. Magidanci a Lamisula yana iya gaisawa da mahaifiyarsa da Kanuri da asuba, ya saurari shirin safe na BBC da Hausa, ya yi ciniki da baƙo daga Chadi da Larabci kafin azahar, ba tare da ya ji ya fita daga kansa ba.

Wurin da birnin yake shi ma ya tarbiyyantar da kunnensa. Maiduguri ta fi kusa da N'Djamena fiye da yadda take kusa da Kano, kuma arzikinta ya rataya ne a kan hanyoyin Gamboru-Ngala da Banki da Baga, inda shanu da busasshen kifi da kayan masarufi ke ƙetare iyakokin Kamaru da Chadi da Nijar. Ɗan kasuwar da dukiyarsa ke kan hanyar Kousseri yana buƙatar sanin abin da ke faruwa a ƙasashe huɗu, kuma gajeren zango, wato igiyar rediyo da ke tafiya dubban kilomitoci ba tare da kula da iyaka ba, shi ne ya biya masa wannan buƙata, musamman a lokacin yaƙin basasar Chadi na ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, wanda ya turo 'yan gudun hijira har cikin Borno. Siyasar Jamhuriya ta Biyu ta ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi. Daga 1979 zuwa 1983 jam'iyyar GNPP ce ke mulkin Borno a ƙarƙashin Gwamna Muhammadu Goni, NPN kuma ke riƙe da gwamnatin tarayya, kuma gabar da ke tsakaninsu ta kai ga kama shugaban masu rinjaye na majalisar jihar, Shugaba Abdurrahman Darman, aka fitar da shi zuwa Chadi a Janairun 1980 bisa zargin cewa ba ɗan Nijeriya ba ne, zargin da kotu ta yi watsi da shi. A irin wannan yanayi, inda kafar jiha ke hannun wata jam'iyya, kafar tarayya kuma ke hannun abokiyar hamayyarta, mai saurare ya koyi jin ɓangare biyu sannan ya jira abin da BBC daga Landan ko Muryar Jamus daga Kolon za su ce kafin ya yanke hukunci.

Wurin yanke wannan hukunci shi ne majalisa, wato zaman da maza 'yan unguwa ɗaya ke yi a kan tabarma ko benci a ƙofar gida ko teburin mai shayi, galibi bayan la'asar ko bayan isha'i. A majalisa akwati ɗaya ke magana, amma da zarar an rufe shiri sai a shiga tankaɗe da rairaya: direban da ya dawo daga Dikwa ya faɗi abin da idonsa ya gani, ma'aikacin sakatariya ya kawo abin da ake raɗe-raɗi a ofis, dattijo ya tuno makamancin abin a zamanin da ya wuce. Labari bai zama gaskiya ba sai ya tsallake wannan siraɗi. Mata kuwa nasu sauraren a tsakar gida yake, tare da aikin girki ko ɗinkin hula, kuma sau da yawa su ne suka fi riƙe shirye-shiryen harshen gida. Idan aka kwatanta da sauran manyan birane bambancin yana fitowa fili. Legas, wadda ta samu tashar farko mai zaman kanta a 1994 bayan dokar 1992 da ta buɗe fagen, birni ne da ke saurare a cikin mota, har gwamnatinta ta kafa tasha ta musamman domin cunkoson hanya a 2012. Kano, tun daga buɗe Freedom Radio a 2003, ta mayar da rediyo filin dambe na siyasa, inda 'yan jam'iyya da ake kira sojojin baka ke sayen lokaci su yi wa juna raddi kowane dare. Maiduguri tana da nata shirye-shiryen siyasa da na kiran waya, amma abin da ta fi nema a akwati shi ne tabbaci, kuma shekarun da suka biyo bayan 2009 sun nuna dalilin haka da tsada mai yawa.

A ƙarshen Yulin 2009 rikicin Boko Haram ya ɓarke a cikin birnin, ofishin 'yan sanda na Lamisula na cikin wuraren da aka kai wa hari, kuma ranar 30 ga watan aka kashe shugaban ƙungiyar, Muhammad Yusuf, a hannun 'yan sanda. A shekarun da suka biyo baya dokar hana fita da harbe-harben dare suka watsa majalisu da dama, aka haramta acaɓa a 2011, magana a bainar jama'a ta zama haɗari domin ba wanda ya san wanda ke zaune kusa da shi. Aikin jarida ma ya zama kasada: a Oktoban 2011 aka harbe Zakariyya Isa, ma'aikacin gidan talabijin na NTA a Maiduguri, kuma ƙungiyar ta ɗauki alhakin kisan. Kafofin cikin gari sun shiga tsaka mai wuya tsakanin barazanar 'yan bindiga da matsin jami'an tsaro, don haka ya zamana mutumin da ya ji ƙarar fashewa a bayan gidansa yakan jira shirin rana ko na dare daga wata ƙasa mai nisa kafin ya san abin da ya fashe da adadin waɗanda suka rasu. Da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013, sojoji suka katse layukan wayar salula, kuma a Borno ba a maido da su ba sai wajen ƙarshen shekarar. Tsawon waɗannan watanni birni mai mutane sama da miliyan ya koma dogaro da akwati mai batir biyu, wanda ba ya buƙatar turken sadarwa, ba ya kuma barin sawun wanda ya saurare shi.

Yaƙin ne, abin takaici, ya sa duniya ta tuna cewa akwai miliyoyin mutane a kewayen Tafkin Chadi da Hausa ba ita ce harshen zuciyarsu ba. A 2015 aka fara watsa shirye-shiryen Dandal Kura a gajeren zango da Kanuri da Hausa, da farko daga Kano tare da tallafin Amurka, kafin tashar ta dawo Maiduguri, kuma sunanta ya fito ne daga dandal, faffaɗan filin da ke gaban fadar Shehu inda jama'a ke taruwa. A 2016 Rediyo Ndarason ta fara aiki daga N'Djamena da Kanuri da Kanembu, tana da ma'aikata a Maiduguri. Harshen da ya yi ƙarnoni yana ɗauke da mulki da ilimi bai samu tashar kansa da ta ƙetare iyakoki da shi ba sai da aka ga masu tayar da ƙayar baya suna wa'azi da shi a ƙauyuka, kuma wannan jinkiri laifi ne da ya hau kan gwamnatoci da masu hannu da shuni na yankin tun kafin ya hau kan baƙi. A yau zangon FM na birnin ya cika: ga BRTV, ga Peace FM ta gwamnatin tarayya, ga Kanem FM ta Jami'ar Maiduguri, ga Freedom da Al-Ansar da Dandal Kura. Matasa sun koma WhatsApp da Facebook, amma ƙaramar wayar da ke aljihun mai Keke Napep tana kama FM, kuma da aka rusa turakun lantarki na hanyar Damaturu a Janairun 2021 birnin ya shafe mafi yawan shekarar cikin duhu, haka kuma da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da unguwannin da ke kewaye, aka sake ganin amfanin na'urar da ba ta jiran wuta.

Sai dai jama'ar da ke saurare a yanzu ba ita ce ta 1980 ba. Ɗaruruwan dubban mutanen da rikici ya koro daga Bama da Gwoza da Dikwa da Marte da Kukawa sun shigo birnin, kuma ko bayan da gwamnatin jiha ta rufe sansanonin hukuma na cikin Maiduguri daga 2021, da yawansu sun zauna a gidajen haya da na 'yan uwa. A cikinsu akwai matan karkara da ba su jin Hausa sosai, akwai masu magana da Mafa da Glavda da Gamargu da sauran harsunan duwatsun Mandara da kewayensu, waɗanda rabonsu a jadawalin tashoshi bai taka kara ya karya ba. Sanarwar rigakafi ko gargaɗin ambaliya da aka karanta da Hausa da Ingilishi kaɗai takan iso ga irin waɗannan ne ta bakin wani, bayan ta ragu ko ta canja, kuma su ne ba su da majalisar da za ta tace musu ita.