Rahaji

Rahaji (suna, namiji): wani irin shanu ne jajaye masu tozo da dogayen ƙahoni, waɗanda Fulanin Bororo, musamman Woɗaaɓe, suka fi kiwo a Nijar, arewacin Nijeriya, Chadi, Kamaru da Afirka ta Tsakiya.

Ko a cikin garke dubu ba ya ɓata. Jansa mai duhu ne, ƙafafunsa dogaye, ƙahoninsa kuwa sukan buɗe su yi sama, har su kai mita guda ko fiye. Dogayen ƙafafun nan su ne jarinsa: yakan yi doguwar tafiya tsakanin rijiya da makiyaya ba tare da ya sare ba, yana biye da kiran mai shi. Baƙo kuwa ba ya samun fuska a wurinsa, shi ya sa manoma ba su cika ɗaura masa garma ba. Nonon saniyar bai kai na shanun Bokolo yawa ba, kuma inda tsando ya yi yawa cutar sammore kan kama rahaji.

Masana na ganin jininsa gauraye ne: na shanu masu tozo da asalinsu yankin Indiya ne, da na tsofaffin shanun Afirka marasa tozo, irin waɗanda aka zana a duwatsun Tassili na Aljeriya tun Sahara tana da ciyawa. Farin 1973 da na 1984 sun yi wa garkunansa mummunar ɓarna.

*Misali:* Ya sayi bijimin rahaji a kara.