Wa Ya Raɗa Wa "Aikatau" Suna?

Ƙanwata ce ta jawo mana shirin yau. Tana shekara ta biyu a jami'a, Hausa take karanta. Satin da ya wuce aka ba su jinga a kan giredin aikatau, ta zo ta same ni ina caji a shagon unguwa, wai Yaya ara mini wayarka in kwafo amsa a intanet. Na ce to kafin ki kwafo, ita kalmar "aikatau" ɗin wa ya raɗa mata suna? Ta yi dariya ta ce ai haka aka tarar. Wallahi ni ma da aka tambaye ni shekara biyar baya, amsar da zan bayar ke nan. Amma fa ba haka aka tarar ba. Mutane ne suka zauna suka ƙirƙira, kuma ba a daɗe ba.

Bari mu koma baya. Kafin zuwan Turawa, idan ka ce "nahawu" a Kano ko Katsina ko Sakkwato, nahawun Larabci kake nufi. Ɗalibi ya fara da Ajurumiyya, in ya yi nisa ya shiga Alfiyyar Ibn Malik. Malamanmu kuma ba karantawa kawai suka yi ba, sun rubuta nasu. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo yana da Bahrul Muhiɗ a kan nahawu, yana da Hisnur Rasin a kan sarfu. Hausa kuwa da ita ake fassara karatu a zaure, da ita ake rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami, amma ba ita ake ɗorawa a kan tabarma a feɗe ba. Duk da haka zauren ya bar mana gado. Baƙi, wasali, jimla, harafi, li'irabi, duk daga can suka shigo aji.

Waɗanda suka fara rubuta nahawun Hausa a littafi baƙi ne, kuma don amfanin kansu suka yi. Akwai wani ɗan mishan Bajamushe, James Frederick Schön, wanda ya bi tawagar da ta shigo kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. A 1843 ya fitar da jerin kalmomin Hausa da ɗan bayanin nahawu, a 1862 ya fitar da cikakken littafin nahawu, ƙamus kuma a 1876. To a ina ya samo Hausar? Nan ne wurin da nake so ku tsaya. Da farko daga bakin Hausawa 'yantattun bayi a Saliyo. Daga baya kuma daga bakin wani yaro, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bawa yana ƙarami, aka 'yanta shi, Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Yaron nan ya zauna da Schön yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, shi kuma yana rubutawa. Wato wani babban ɓangare na Hausar da Turai ta fara nazarta, Hausar wani matashi ce da bai kai shekarun ƙanwata ba. Sau nawa kuka ji sunansa a aji?

Bayan Turawa sun ci ƙasar, sai aikin ya koma na gwamnati. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. A 1934 ƙamus ɗin Bargery ya fito, kalmomi kusan dubu arba'in. Ni dai duk abin da za a ce game da mulkin mallaka, wannan littafi aiki ne. Har yau idan gardama ta kaure a kan ma'anar tsohuwar kalma, wurinsa ake komawa. Sai na R. C. Abraham a 1949, wanda a bugun farko akwai sunan Malam Mai Kano tare da nasa. Amma ku lura, duk bayanin da Ingilishi aka yi. Bahaushe ne ke bayar da kalmar, Bature ne ake yi wa bayani.

Shi kansa giredin da ke wahalar da ƙanwata, wani malami ne a Landan, F. W. Parsons, ya tsara shi a 1960. Ya kasa aikatau gida bakwai bisa wasalin ƙarshe da karin sauti. Kuma abin ba wuya gare shi ba in da misali aka fara. Saya, saye, sayo, sayar, sayu. Saiwa ɗaya ce, amma "ya sayo" ta nuna ya taho da abin nan, "ya saye" ta nuna bai bar komai ba, "ya sayar" kuwa ta juya cinikin gaba ɗaya. Kakata ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta kuma taɓa kuskuren waɗannan ba. Abin da Parsons ya yi shi ne ya ba su lamba.

To yaushe muka karɓi alƙalamin? Bayan 'yancin kai, da jami'o'in Zariya da Kano, daga baya Sakkwato da Maiduguri, suka fara ba da digiri a Hausa. M. K. M. Galadanci ya fitar da littafinsa na nahawu a 1976, shi ma da Ingilishi. Sai matsala ta taso. Ta yaya za ka koyar da Hausa da Hausa alhali babu kalmomin da za ka kira sassanta? Dole malamai suka zauna taro bayan taro suna ƙirƙira, suna musu, har aka tattara abin da aka amince da shi a ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Dalhatu Muhammad ya tace, ya fito a 1990. A 1990 fa! Yayyen wasunmu sun girmi littafin.

Kuma ku dubi irin kalmomin da suka zaɓo, don ni nan ne suka burge ni. Ƙarin da ake liƙa wa kalma a gaba suka ce ɗafa-goshi, na baya suka ce ɗafa-ƙeya. Aikatau kuwa a cikin gari aikin ƙodago ne, irin wanda mata ke zuwa yi gidan masu hali, aka ɗauko ta aka ba kalmar da ke ɗauke da aiki a jimla. A nazarin adabi, saƙon da waƙa ko labari ya ginu a kai suka kira shi jigo, wato sandar nan da mai lambu ke kafawa yana ɗebo ruwa da ita. Abdulƙadir Ɗangambo ya kira hanyarsa ta nazari Gadon Feɗe Waƙa, kamar mahauci ya kwantar da dabba. Daga irin wannan aiki ne jigo da warwararsa, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe suka zama matakan da kowane ɗalibi ke bi. Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa wa waƙar baka nata matakan. Babban ƙamus na Hausa zuwa Hausa na Jami'ar Bayero kuwa sai 2006 ya fito, shekara 163 bayan littafin Schön na farko.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka mayar da aikin nan. Lokacin da nake rubuta nawa kundin, na leƙa na wasu ɗalibai a laburare. Babi na biyu kusan iri ɗaya ne, wane ya ce, wane ma ya ce, ma'anar jigo sau goma, ba ta mai kundin ko ɗaya. Mutanen da suka ƙirƙiro kalmomin nan da gardama suka yi, mu kuma mun haddace su kamar karatun allo. Ga Hausar TikTok, ga ta 'yan Kannywood, ga ta masu sayar da waya a Farm Centre, kullum sabuwar kalma na fitowa, tsohuwa na sauya ma'ana. Ɗauki "wanka" kawai, yau in aka ce wance ta ɗau wanka ba maganar ruwa da sabulu ake ba. Ga kuma tsohuwar matsalar da boko bai magance ba, ba ma rubuta karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke fitowa iri ɗaya a takarda, haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya.

Ƙanwata dai ban ba ta wayar ba. Na ce ta je ta zauna kusa da Hajiya da yamma, ta rubuta duk aikatau ɗin da ya fito daga bakinta, sannan ta kasa su da kanta. Ta dawo da guda arba'in da ɗaya. Uku daga ciki, "ci" da "sha" da "ja", sun ƙi shiga ko ɗaya daga gidaje bakwai ɗin, ta zo tana cewa ta yi kuskure. Ba ta yi ba. Irinsu ne Paul Newman ya ware musu gida na daban, ya kira shi giredin sifiri. Jibi za ta miƙa jingar.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.