Samanja da Ibro: Dariyar da Ta Taɓa Masu Iko

A shekarun 1970, lokacin da mulkin Nijeriya yake hannun soja, Usman Baba Pategi ya fito da shirin Samanja Mazan Fama a Kaduna, da farko a rediyo, daga baya a talabijin. Shi kansa soja ne, don haka ya san tsawar bariki da gwamutsattsiyar Hausarta. Ma'aikacin da ya taso daga masana'antun Bompai ko Sharada yakan tsaya gidan maƙwabci mai talabijin, ya ga mai kaki yana kuri yana kwafsawa, ya yi dariyar da ba zai iya yi a gaban shingen soja ba.

Wannan lasisi na yi wa mai iko ba'a shi ne gadon da Rabilu Musa Ibro ya ɗauka a zamanin kaset ɗin bidiyo a Kano. Tsohon ma'aikacin gidan yari ne, ya kuma kwaikwayi ɗan sanda da ɗan siyasa da malamin tsibbu. Sai dai lasisin yana da iyaka: a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi kan fim ɗin Ibro Aloko.

Ibro ya rasu a Disamba 2014, Samanja a Nuwamba 2023. Har yau matasa na yaɗa gutsattsarin wasanninsu a wayoyi, domin masu kurin da suka kwaikwaya ba su ƙare ba.