1.3 Ma'ana da Asalin Kalmar Noma da Yadda Ake Amfani da Ita

Kafin a shiga tarihin noma a ƙasashen Jega da Aliero da Maiyama, ya kamata a fayyace ita kanta kalmar, domin ma'anarta a bakin dattawa ta sha bamban da ta takardun hukuma.

Ta fuskar asali, kalmar noma Bahaushiya ce, ba a aro ta daga Larabci ko Turanci ba. Abin da ke ƙara tabbatar da daɗewarta shi ne yawan kalmomin da suka tsira daga gare ta, kamar manomi da nome da Nomau da sarautar Sarkin Noma. Haka kuma Hausawa na yi wa sana'ar kirari da na duƙe tsohon ciniki.

Ta fuskar ma'ana kuwa, kalmar tana da fuska biyu. Ta farko, wadda ke bakin manoman karkara, ita ce cire ciyawa daga gindin shuka da hauya ko kalme. Saboda haka ake cewa noman farko da maimai, alhali sassabe da huɗa da shuka da girbi kowane da sunansa. Ta biyu ita ce sana'ar gaba ɗayanta, tun daga sharar gona har amfani ya shiga rumbu.

Wannan ma'ana ta biyu ta ƙara faɗaɗa bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Shirin Fadama na 1993 ya yaɗa injin ban ruwa da rijiyoyin burtsatse, sai noman rani ya bunƙasa a fadamun Gulbin Zamfara da ya ratsa ta Jega, kamar yadda Aliero ta yi fice da albasa. Bayan ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, kalmar ta ƙara kusantar harkar banki da jari.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai bincike. Idan dattijo a Maiyama ya ce bai yi noma ba tukuna, yana iya nufin geronsa ya tsira amma ciyawa na nan. Wanda ya rubuta cewa mutumin bai yi shuka ba ya gurɓata bayanin. Don haka, a wannan kundi za a yi amfani da noma a ma'anar sana'a, inda kuma ake nufin cire ciyawa za a ambace shi ƙarara.