Ƙarar fankar kwamfuta

Ƙarar fankar kwamfuta sauti ne da ya wuce kima wanda ke fitowa daga fankokin da ke sanyaya kwamfutar tebur. Galibi akwai fanka a kan masarrafa, wato CPU, da cikin akwatin da ke raba wuta, da jikin akwatin kwamfutar. Yawancinsu suna aiki da wuta bolt 12, faɗinsu kuma milimita 80, 92 ko 120 ne.

Dalilai

Irin ƙarar kan nuna tushen matsalar. Huci mai ƙarfi da ba ya lafawa alama ce ta zafi: ƙura ta toshe ƙarfen da ke zuƙe zafin masarrafa, fanka kuma ta ƙara gudu. Gurnani ko kuka yana nuna boris ya bushe ko ya cinye. Ƙas-ƙas kan fito idan waya tana taɓa fikafikan fanka, jijjiga kuma idan kusa ta kwance.

A birnin Kano

Ƙura da zafi ne suka fi wahalar da fanka a Kano. Hunturu yakan kawo hazo daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sannan zafin Afrilu ya kai kusan digiri 40. Shagunan buga takardu na cikin ganuwa suna wuni a buɗe a bakin titi, kuma kwamfutar da aka ajiye a ƙasa ta fi shaƙar ƙura.

Gyara

Ana kashe kwamfutar, a zare ta daga soket, a buɗe murfin gefe. Sai a riƙe fikafikan kada su juya, a kaɗe ƙurar da burushi mai laushi ko bulawa, a janye wayoyi, a ɗaure kusoshi. Shafin BIOS na yawancin kwamfutoci yana nuna gudun fanka da zafin masarrafa. Idan boris ne, ɗigon mai na ɗan lokaci ne, sauya fankar shi ne magani. Ana neman irinta a Titin Beirut ko Farm Centre, a dace da faɗinta da yawan filoginta, 3 ko 4.

Hattara

Cire wayar fanka don a huta da ƙara yana sa masarrafa ta rage gudu, ko kwamfutar ta mutu ana cikin aiki, a rasa abin da ba a adana ba. Akwatin raba wuta kuwa yana riƙe caji ko bayan an zare shi, don haka buɗe shi aikin mai gyara ne.