Daga Leningrad zuwa Kabo: Tarihin Binciken Tsoron Mota a Wurin Kare

Duk wanda ya taɓa ganin 'yan farauta sun tashi da rani a kan hanyar Kano zuwa Gwarzo ya san yadda abin yake. A-kori-kura cike da mutane da gorori da karnuka, kuma tsofaffin karnukan su ne ma kan riga masu su ɗarewa mota. Amma da wuya a rasa guda ɗaya, galibi sabon da aka karɓo daga wani ƙauye, wanda zai turje, ya maƙale wutsiya, yawu na dalala, sai an ja shi da igiya an cusa shi. Na ga irin wannan a Kabo, inda wani maƙwabcinmu ya karɓo kare don gadin gida. Ranar da aka kawo shi ya yi amai a mota, daga nan ko ƙarar inji ya ji sai ya shige ƙarƙashin rumbu. Mai gidan ya yanke hukunci cewa kare ne matsoraci, ba zai yi moriya ba.

Hukuncin nan bai yi wa karen adalci ba, kuma masana sun shafe fiye da shekara 100 suna tattara dalilin.

Farko dai, kare ya zauna da ɗan Adam aƙalla shekara 15,000, mota kuwa ba a ƙera irin ta zamani ba sai 1886. Babu abin da ya shirya jikinsa don ita. A can cikin kunnen kare, kamar namu, akwai wasu 'yan bututu masu ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki na motsi. A cikin mota kunne yana cewa ana tafiya ana jijjiga, ƙafafu suna cewa a tsaye ake, ido kuma yana kallon bayan kujera da ba ya motsi. Wannan saɓanin shi ne masana suka fi ɗora wa laifin tashin zuciya, kuma ya fi kama 'yan kwikwiyo. To amma amai na rana ɗaya, me ya sa zai zama tsoro na watanni?

Amsar ta fito ne daga ɗakin binciken Ivan Pavlov, masanin nan na Rasha da ya sami kyautar Nobel a 1904 kan aikin narkewar abinci. Kowa ya san labarin karnukansa da ke zubar da yawu in sun ji sautin da aka saba haɗawa da abinci. Akwai wani labarin da ba a cika bayarwa ba, wanda ya fi dacewa da karen Kabo. A littafinsa da aka buga da Turanci a 1927, Pavlov ya kawo abin da wani likita mai suna Krylov ya lura da shi a Tashkent. Ana yi wa karnuka allurar mofin, wadda ke sa su yawu da amai. Bayan kwana biyar ko shida, sai ya zama ba sai an yi allurar ba: shirye-shiryenta kawai sun isa su sa kare ya fara tashin zuciya har ya yi amai. Wato jiki ya koyi alamar, ya daina jiran abin da kansa. Sauya sirinji da ƙarar inji da warin fetur, ka sami karen maƙwabcinmu.

A watan Satumba na 1924 kuma kogin Neva ya yi ambaliya a Leningrad, ruwa ya cika ɗakunan karnukan Pavlov, da ƙyar aka fito da su. Bayan komai ya lafa, wasu daga cikinsu suka rikice, abin da aka koya musu ya ɓace. Da aka lallaɓa ɗaya ya dawo daidai, sai masu binciken suka kwararo ɗan ruwa ta ƙarƙashin ƙofa don gwaji. Nan take ya koma gidan jiya. Bahaushe ya riga ya faɗi wannan, cewa wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Abin da Pavlov ya ƙara shi ne awo, da nuna cewa firgita ɗaya tak ta isa.

Sanin yadda tsoro ke shiga daban, sanin yadda ake fitar da shi daban. A 1920 John Watson da Rosalie Rayner a Amurka sun koya wa wani jariri tsoron farin ɓera ta hanyar buga ƙarfe a bayansa, suka bar shi haka ba su warware ba. Yau babu jami'ar da za ta yarda da irin wannan gwaji. Wadda ta ɗauki ɗaya ɓangaren ita ce Mary Cover Jones, a birnin New York, kuma a ganina ba a ba ta haƙƙinta yadda ya kamata. A 1924 ta wallafa labarin wani yaro ɗan kusan shekara 3 da ke tsoron zomo. Ba ta ɗora masa zomon a cinya ba. Ta ajiye shi cikin keji can nesa, daidai inda yaron ke ganinsa bai firgita ba, yana cin abin da yake so. Kullum a matso da kejin kaɗan. A ƙarshe yaron yana shafa zomon da hannunsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Joseph Wolpe, likita ɗan Afirka ta Kudu, ya gwada hakan a kan kyanwowi a Johannesburg. Kyanwowin da aka jona wa lantarki a wani keji sun ƙi cin abinci a cikinsa ko da yunwa na cinsu. Sai ya riƙa ciyar da su a ɗakin da bai yi kama da wancan ba, sannan wanda ya ɗan yi kama, har suka dawo suna ci a cikin kejin da suke gudu. Littafinsa na 1958 ya zama tushen hanyar da ake bi har yau wurin mutane da dabbobi: tsoro da natsuwar cin abinci ba sa zama wuri ɗaya, don haka a shigo da abin tsoron kaɗan-kaɗan, yadda natsuwar za ta rinjaye shi.

Akwai kuma batun shekaru. John Paul Scott da John Fuller sun yi shekara 13 suna nazarin nau'in karnuka biyar a Bar Harbor ta Amurka, ciki har da basenji, karen farauta na yankin Kongo. Sakamakon da suka buga a 1965 ya nuna cewa tsakanin mako 3 zuwa 12 da haihuwa ne kwikwiyo ya fi karɓar sabon abu ba gardama. Shi ya sa karen mafarauci da ya tashi yana shiga mota tare da uwarsa bai ɗauke ta a bakin komai ba. Wanda aka karɓo da girmansa kuwa, sau da yawa shigarsa mota ta farko ita ce ranar da aka raba shi da duk abin da ya sani.

Wani zai ce, kare ne fa, ina ruwan wani da tsoronsa? Ruwan kowa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga kare ake ɗauka. Rigakafinsa allura ce, irin wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke haɗawa. Karen da ba ya shiga mota da wuya ya ga asibitin dabbobi. Ga shi kuma firgitaccen kare ya fi saurin cizo, kuma hannun mai cusa shi ne mafi kusa.

A aikace abin ba shi da tsada. A bar karen ya saba da gidan tukuna. Sannan a riƙa ba shi tuwonsa inda yake hango motar a kashe, a nisan da zai iya ci. Wannan shi ne ma'aunin: in ya ƙi ci, an yi gaggawa, a ja baya. Daga nan gefen mota, sannan cikinta ƙofa a buɗe, sannan a tayar da inji ba a motsa ba, sannan tafiyar minti biyu a dawo gida. Wani karen kwanaki ne, wani makonni. Ranar tafiya ta gaske kada a cika masa ciki, a bar iska na shiga, kada kuma a bar shi a rufaffiyar mota cikin zafin bazara. In amai ya ƙi tsayawa, akwai maganin da aka amince da shi don karnuka a Amurka tun 2007, mai suna maropitant, amma likitan dabbobi ne zai rubuta shi.

Maƙwabcin namu ɗansa ne ya ɗauki aikin, da kwanon tuwo da motar wani direba da ke kwana a ƙofar gidansu. A mako na uku karen ya ci abinci a bayan motar inji na aiki. Har yanzu ba ya rige-rigen shiga, sai an kira shi sau biyu, amma an kai shi an yi masa allurar.