Yanke Nasaba da Sauke Nauyin Ciyarwa a Tarihin Shari'ar Ƙasar Haɗejiya

Tun daga kafuwar daular Fulani a Haɗejiya a farkon ƙarni na 19, alƙalan ƙasar da mazhabar Malikiyya suke hukunci, suna dogara da littattafai irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa. Ko da Turawa suka ci garin da yaƙi a 1906, ba su taɓa hukuncin aure da nasaba da gado ba. Haka al'amarin ya zarce har bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991.

A wannan tsari aure shi ne tushen ubanci. Duk ɗan da aka haifa bayan wata shida da aure, na mijin ne. Wanda aka haifa kafin haka ba a jingina shi gare shi. Malikiyya ta kuma yarda ciki yana iya daɗewa har shekara huɗu ko biyar, abin da Hausawa suke kira kwantacce. Wannan hukunci yana da nauyi a fadamar Haɗejiya, wajen su Guri da Kirikasamma, inda su da kiwo da cin rani sukan raba magidanci da iyalinsa wata da watanni. Zato kawai ba ya kore ɗa. Kwantaccen nan yana cikin hujjojin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta kafa da ta sallami Amina Lawal a 2003.

Hanyar da ta rage wa mijin da ya ce ɗa ba nasa ba ne ita ce li'ani, wadda Suratun Nur ta shimfiɗa. Zai rantse sau huɗu, a ta biyar ya kira wa kansa la'ana in ƙarya yake yi, matar kuma ta mayar da nata rantsuwoyin. Daga nan aure ya mutu har abada, a jingina ɗan ga uwarsa, ciyarwa da gado da walicci su faɗi. Amma in ya ga cikin ko haihuwar ya yi shiru ba da wani uzuri ba, ya rasa damar. In kuma ya ƙaryata kansa daga baya, ɗan ya koma masa da dukan nauyinsa.

Agola da ɗan riƙo hukuncinsu dabam ne. Suratul Ahzabi ta hana mayar da ɗan wani naka, don haka mijin uwa ko marikƙi ba ya zama uba, ciyarwarsa kuwa alheri ce. Wajibin yana kan mahaifi: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji.

Gwajin jini na zamani bai kawar da wannan tsari ba. A 2002 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yanke cewa ba a kore tabbatacciyar nasaba da shi, ba a kuma gabatar da shi a kan li'ani. Manufar malamai a nan ita ce kada yaro ya tashi babu uba, babu mai ciyar da shi.